Ciyaman ɗinmu ya jawo mana asara, yanzu yana son ya dawo: a sake ba shi?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya gane kuma don Allah ya riƙe a cikinsa.

Muna da ƙungiyar taimakon kai da kai a unguwarmu nan cikin garin Sakkwato. Yawancinmu ƙananan 'yan kasuwa ne da malaman makaranta da mata masu sana'ar cikin gida. Shekarun baya muka zaɓi wani matashi ciyaman. Yaro ne mai himma, ya gama Jami'ar Ɗanfodiyo, ya halarci kwasa-kwasan koyon shugabanci, har da wanda ake hawan duwatsu a Jos. Shi ya kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu sayi albasa lokacin cirarta da take araha, mu ajiye sai ta yi tsada. Taro ya amince, bisa sharaɗin a kai ta ƙauye wurin masu rudu, wato rumfar ajiyar albasa ta gargajiya. Shi kuwa ya ga wannan tsohon yayi ne, ya kama shago mai rufin kwano a cikin gari ya jibge ta a buhuna. Wani dattijonmu da ya tsufa a harkar ya ja masa kunne, shi kuwa yaron ya ce masa, "Baba, ai zamani ya canza." Kafin ruwa ya zauna sosai wari ya fara korar maƙwabtan shagon. Fiye da rabi ta ruɓe. Muka sauke shi.

To zaɓe ya matso, ya ce zai sake tsayawa. Hujjarsa ita ce faɗuwar nan ta koya masa abin da duk kwasa-kwasan ba su koya masa ba, yanzu ya san darajar sauraron mutane. Ƙungiya ta rabu biyu, kowane ɓangare yana jan rigata. Me kuka gani?

Ɗan Fadama:
Wa alaikumus salam. Sakatare, ni tun ga albasar nig gane inda ciwon yake. Albasa numfashi takai. In anka cire ta sai a bar ta ta sha iska wuyanta ya bushe, sannan a zuba ga rudu, an ɗaga ta bisa itace ba ta taɓa ƙasa, sama da ciyawa, iska na ratsa ta. Kuma ba a juya mata baya, ana zuwa ana tsince wadda ta fara lalacewa kar ta shafi 'yan'uwanta. Ba kowace albasa aka ajiyewa ba ma. Wadda anka ɗura ma yuriya, manya-manyan nan masu ɗaukar ido, ruwa na cikinta, ba ta jimre ajiya. Duk yaron da yat tashi Kware ko Wurno ya san wanga ba tare da satifiket ba. A ɗaure ta cikin buhu, ƙarƙashin kwano, ga zafin Afrilu na Sakkwato? Wagga ba ajiya ba ta, dahuwa ta.

Ɗan Gawon Nama:
Dahuwa ta kam. Da ma ya sa mai da gishiri an raba wa mambobi, da an rage asara.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Gawon Nama, a bi a hankali. Dukiyar mutane ce ta salwanta.

'Yar Arkilla:
Na san inda maganar nan za ta dosa, kafin a jima za a ce boko ne da kwas suka lalata yaro. Ban yarda ba. Na shiga irin waɗannan shirye-shiryen, kuma abu na farko da ake nanatawa shi ne kada ka yanke wa mutane hukunci a kan abin da suka fi ka sani. Cibiyar koyon shugabanci da ke Dutsen Shere a Jos ma da Sakatare ya ambata, wadda asalinta tun 1951 ne a gaɓar tekun Kamaru kafin a dawo da ita Najeriya, ai ba lacca ce zalla ba. Za a haɗa ka da mutanen da ba ka sani ba, a ba ku igiya da dutse, wanda ka raina shi zai riƙe maka igiyar. In mutum ya sauko daga nan da girman kai, to da abinsa ya hau.

Abin da ya kamata a rarrabe shi ne horo na gaske da taron bitar otal na kwana biyu, wanda ake zuwa don alawus da hoton satifiket. Shirin Mandela na horar da matasan Afirka shugabanci da Amurka ta fara a 2014 mako shida aka riƙa yi a jami'o'insu, kuma ko shi ba ya mayar da mutum shugaba, ƙofa kawai yake buɗewa.

Ni dai ina ganin a ba shi dama. Tun 2018 aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, muna ta ihun a ba matasa wuri. Matashi ya yi kuskure ɗaya kuma mu binne shi? Dattawan da suka yi kuskure goma suna nan a kujerunsu.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, maganarki ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ni ban goyi bayanki ba. Na yi aikin gwamnati har na tsufa a ciki. Na ga manya sun tafi cibiyar Kuru da ke kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979 don horar da manyan ma'aikata da hafsoshi, sun dawo da haruffa uku a bayan sunansu. Wasu sun dawo da natsuwa. Wasu sun dawo masinja ba ya iya haɗa ido da su. Makaranta ɗaya, malamai ɗaya.

Amma abin da na fi lura da shi ba kwas ba ne. Babban jami'i zai ɓata aiki, kuɗin jama'a su narke, hukuncinsa shi ne a canza masa ma'aikata. Ya tafi sabon ofis da sabuwar mota, bai taɓa sake haɗuwa da mutanen da aikin ya cutar ba. Irin wannan ya faɗi, amma bai ji ƙasa ba, saboda an shimfiɗa masa katifa. Shi ya sa idan na ji an ce faɗuwa tana koyar da tawali'u nakan ce wace faɗuwar, kuma a jikin wa?

Sakatare, tambayata ɗaya ce. Tun da kuka sauke shi yana zuwa taro?

Sakataren Ƙungiya:
Baba, gaskiya watannin farko bai zo ba, kunya ta hana shi. Daga baya ya fara zuwa jefi-jefi, yana zama a baya. Kuɗin wata-wata kuwa bai taɓa fashin biya ba, wannan zan shaide shi.

Ɗan Gawon Nama:
To bari in yi maganar hankali tunda an ce in bi a hankali. Na gane yaron, ba zan faɗi suna ba. Ba shi ne ya yi dogon rubutu da Turanci a Facebook kan darussan da faɗuwa ta koya masa ba? Ɗaruruwan mutane suna ta jinjina masa, har aka gayyace shi wani taron matasa ya riƙe makirfo ya ba da labarin. Wato albasar mutane ta ruɓe, shi kuma ya samu abin faɗa a taro. Wannan sabon salo ne da ya shigo mana. A da mutum in ya ci dukiyar jama'a ɓoye fuska yake yi. Yanzu sai ya ɗinka sabuwar shadda ya zama mai ba da lacca.

Sakataren Ƙungiya:
Ya yi rubutun, ba zan musa ba. Amma bai ci ko kwabo ba, mun bi lissafi kaf. Kuskure ne da taurin kai, ba sata ba.

'Yar Arkilla:
To laifi ne mutum ya fito ya ce na yi kuskure? Nawa ne cikin shugabanninmu suka taɓa furta wannan kalmar a bainar jama'a?

Goggon Marayu:
Salamu alaikum. Ɗiyata ka rubuta min, ni ban iya ba. Ina cikin waɗanda kuɗinsu sunka shiga albasar ga. Kuɗin ƙuli-ƙuli na da man gyaɗa, da na adashen da niɗ ɗauka, da nufin in albasa ta yi kuɗi in yi ma yarinya kayan ɗaki. Ba a yi bikin da su ba, sai da munka ci bashi.

'Yar Arkilla, ke kin ga rubutun, ni ban gan shi ba. Ban jin Turanci, ban da Facebook. An ce ya ba duniya haƙuri. To ni ba a duniyar nike ba? Gidana da gidansu ko kiran salla ba a rabawa. Har yau bai tako ƙofata yac ce Goggo ki yafe min ba. In mun gamu ga hanya shina duƙawa shi gaishe ni, ladabi kam akwai, amma maganar kuɗin ba ta taɓa fitowa bakinai ba.

An ce ya yi karatu ga faɗuwar. Madalla. Amma ni nib biya kuɗin makarantar, kuma ba a tambaye ni ba.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Kin faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye ban faɗa ba.

'Yar Arkilla:
Goggo, ki yi haƙuri, ban san haka abin yake ba. Wannan kam dole ya gyara. Amma har yanzu ina kan cewa ba a rufe wa mutum ƙofa har abada.

Malamin Tarihi:
Na jima ina karantawa. Tunda a Sakkwato muke, bari mu duba gidanmu, don waɗanda suka kafa garin nan ba da nasara zalla suka kafa shi ba, ko da yake a makaranta nasarorin aka fi karanta mana.

Kowa ya san nasarar yaƙin Tabkin Kwatto, Yunin 1804, 'yan watanni bayan hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu. Amma kafin shekarar ta fita aka yi Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda jama'ar Shehu suka rasa mutum kusan 2,000, cikinsu kimanin 200 mahaddata Alƙur'ani ne. A 1805 kuma aka yi Alwasa a ƙasar Gwandu, nan ma aka sha kashi ƙwarai. Abin lura shi ne yadda malaman suka rubuta waɗannan. Ba su ɓoye ba, ba su kuma ɗora wa abokan gaba duka ba. Sun rubuta cewa kafin Alwasa mayaƙansu sun afka wa garin da ke da amana da su suka kwashi ganima, duk da manya sun hana. Wato sun nemo laifin a cikin gidansu.

Malam Abdullahi ƙanen Shehu abin ya dame shi har a 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, saboda ya ga son duniya ya shigo cikin tafiyar. Kanawa suka tsayar da shi suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a, a can ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, sannan ya dawo. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808.

Amma inda nake son kai ku shi ne bayan rasuwar Shehu a 1817. Malam Abdullahi shi ne babba, shi ne waziri, ilminsa ba a magana. Aka yi wa ɗan wansa Muhammadu Bello mubaya'a, shi kuma da ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa. Ya koma Gwandu, aka yi 'yan shekaru akwai sanyi a tsakani. Sai tawayen Kalambaina ta ƙasar Gwandu ya yi masa nauyi, Bello ya ɗauko runduna ya kawo masa ɗauki. Riwaya ta ce da suka haɗu Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, shi ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Alhali shi ne ya koyar da Bello karatu.

Ni a wurina ma'aunin ke nan. Ba abin da mutum ya ce ya koya ba. Shin zai iya zama ƙarƙashin wanda ya hau kujerar da yake ganin tasa ce, ya yi aiki da zuciya ɗaya? Sakatare, ciyaman ɗinku na yanzu, tsohon yana taya shi wani aiki?

Sakataren Ƙungiya:
Malam, an taɓa sa shi a kwamitin yashe magudanar ruwa, ya ce aiki ya yi masa yawa a lokacin.

Ɗan Gawon Nama:
Kwata ba ta da makirfo.

'Yar Arkilla:
Malam, misalinka yana iya zama hujjata ma. Sardauna fa? A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku. A 1943 aka tuhume shi kan kuɗin jangali har aka yanke masa ɗauri. Da mutanen lokacin sun ce shi ke nan an gama da shi, da ba a samu Firimiyan 1954 ba.

Malamin Tarihi:
Haka ne, amma ki ƙarasa labarin. Ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi, don haka ba a tabbatar da ya salwantar da dukiyar kowa ba. Na biyu, duba tsawon lokacin. Daga 1938 zuwa 1954 shekara 16 ke nan. A ciki ya yi zaman Gusau yana kula da gundumomin gabas a ƙarƙashin mutumin da ya kayar da shi, ya dawo Sakkwato ya yi aikin En'e, ya je Ingila a 1948 ya karanci mulkin ƙananan hukumomi, suka sasanta da Sarkin Musulmi. Kwas ɗin ya zo ne a tsakiyar aikin, bayan an sha wuya, shi ya sa ya kama. Naku yaron kwas ya fara yi kafin ya taɓa riƙe ko da asusun masallaci.

Haka Alhaji Shehu Shagari. Minista ne a Jamhuriya ta Farko, soja suka kifar da gwamnati a 1966, ya dawo gida ya shiga aikin ilmi da gina makarantu a lardin Sakkwato, aikin da ya yi ƙasa da kujerar da ya baro nesa ba kusa ba. Sai 1970 aka sake kiran sa tarayya.

Baba Mai Ritaya:
Malam, na yarda da kai, sai dai kada mu kai abin inda bai kai ba. Ba dole sai yaro ya yi shekara 16 ba kafin ya riƙe ƙungiyar unguwa. Kuma tarihi yana da daɗin faɗa saboda mun san ƙarshensa. Akwai waɗanda suka sauka ƙasa suka yi biyayya na ɗan lokaci, da suka sake samun dama suka rama a kan kowa. Na yi aiki da irinsu. Ladabin wanda ba shi da iko ba ya nuna komai, sai ya samu ake sanin ko na gaske ne. Shi ya sa ni ban dogara da karanta zuciyar mutum ba. Ku gyara tsarin yadda ko ya canza ko bai canza ba, ba zai iya ɗaukar kuɗin jama'a shi kaɗai ya yi yadda ya so ba. Yaya aka yi mutum ɗaya ya canza wurin ajiya, ya biya kuɗin shago, ba wanda ya tsayar da shi? Ina ma'aji? Ina kai Sakatare?

Sakataren Ƙungiya:
Baba, a lokacin sa hannunsa kaɗai ke fitar da kuɗi. Bayan abin ne muka mayar da shi mutum uku.

Almajirin Kanwuri:
Salamu alaikum. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma shi ne kan gaba kafin maganar zaɓe. A fiƙihunmu na Malikiyya, wanda aka ba dukiya ya juya ta amintacce ne. Idan ya bi sharaɗin masu dukiya, ya yi iya ƙoƙarinsa, sai asara ta zo, ba ya biya, ƙaddara ce ta kowa. Amma idan ya saɓa sharaɗin da aka gindaya masa ko ya yi sakaci, to lamuni ya hau kansa. Sakatare ya ce taro ya ce a kai rudu, shi ya kai shago. In haka yake a rubuce, to abin ya fi ƙarfin "a yi haƙuri". Ku kai wa malami ko alƙalin da zai saurari ɓangarorin biyu, don ni ɓangare ɗaya na ji. Amma bisa abin da aka faɗa nan, haƙƙi ne a wuyansa, sai dai in masu shi sun yafe da bakinsu, kowa da rabonsa. Ƙungiya ba ta da ikon yafe kuɗin Goggo a madadinta. Tuba a kan haƙƙin mutane sai da mayar da haƙƙin ko neman yafewar mai shi.

Game da girman kai kuwa, hadisin da Muslim ya ruwaito ya fassara shi da ƙin gaskiya da raina mutane. Ku duba, babu maganar duƙawa ko sassauta murya a ciki. Mutum zai iya tsugunawa har ƙasa ya gaishe ka alhali ya raina saninka. Abin da ya yi wa dattijon nan ke nan, ya kira shi Baba, ya watsar da maganarsa.

Sannan neman kujerar da kansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Samura kada ya nemi shugabanci, in an ba shi don ya nema za a bar shi da abinsa, in an ba shi bai nema ba za a taimake shi. Abu Zarri ma da ya nema aka ce masa yana da rauni, abin kuma amana ne.

'Yar Arkilla:
Allah gafarta Malam, Annabi Yusuf ai ya ce a ɗora shi a kan taskokin ƙasa. Kuma bayan Uhudu, da maharba suka bar dutsen da aka ajiye su aka samu abin da aka samu, ayar da ta sauka cewa ta yi a yafe musu, a nema musu gafara, a ci gaba da shawara da su. Ba a ce a kore su ba.

Almajirin Kanwuri:
Madalla, kin kawo daidai, aya ta 159 ce a Ali Imrana. Amma ki lura, shawara aka ce a yi da su. Ni ma ban ce a kore shi daga ƙungiya ba, a zauna da shi, a ji ra'ayinsa, a sa shi aiki. Annabi Yusuf kuwa da ya nema ya haɗa da siffa biyu, mai tsarewa ne kuma masani, taska aka ba shi ya tsare ta. Naku an ba shi taska an ga yadda ta kasance. Mumini ba a saran sa sau biyu a rami ɗaya.

Ɗan Fadama:
Ni in don ta ni ta, hukuncin mai sauƙi na. Bana in za ku sake sayen albasa, ku haɗa shi da dattijon nan da yar raina. Tsoho shi ka zaɓen albasa, shi ka faɗin inda za a kai ta, yaro shi ka ɗaukar littafi shina rubutawa, shi ka hawa mashin duk mako shi tai ƙauye shi tsince ruɓaɓɓu da hannunai. Boko nai na da amfani, mu manoma lissafi ka kashe mu, dillalai na cin mu ga kasuwa don ba mu san farashin Legas da Onica ba. In ya jimre damina guda ga hakan, kun ga mutum. In yac ce aiki ya yi mishi yawa, kun huta.

Baba Mai Ritaya:
Wannan ya fi duk kwas ɗin da na sani arha.

'Yar Arkilla:
Na yarda da wannan, da sharaɗi ɗaya. A faɗi lokacin a fili. Kada a ce "sai ka nuna ka canza" a bar shi haka, don na san halinmu, shekara goma za ta wuce ana cewa bai isa ba tukuna. A ce zaɓen bana ba da shi ba, in ya sauke haƙƙi ya yi aikin, zaɓe mai zuwa yana da 'yanci kamar kowa. Kuma dattijon ma a gaya masa ba a ba shi yaron don ya huce haushi ba. Akwai manyan da in suka samu gaskiya sau ɗaya sai sun goranta har kabari.

Goggon Marayu:
Ni ban ce a wulaƙanta shi ba. Ɗan unguwa na, gaban idona anka haife shi, uwatai ƙawata ta. Ko bai da kuɗin biya duka, shi zo shi zamna shi ce Goggo ga abin da nika iyawa duk wata. Wallahi wataƙila in ce na yafe rabi. Amma ni ka yafewa, ba mutanen Facebook ba.

Sakataren Ƙungiya:
Na gode ƙwarai jama'a. Na ɗauko kundin tsarinmu na duba. Akwai sashen da ya ce wanda ƙungiya ke bin sa bashi ba ya tsayawa takara. Matsalar ita ce ranar da muka sauke shi ba a rubuta asarar a matsayin bashi ba, an rubuta "asara" ne kawai aka tashi, kowa ransa a ɓace. Sharaɗin rudu kuwa yana nan a rubutaccen bayanin taron farko, da sa hannunsa a ƙasa. Don haka kafin zaɓe dole a kira taron gaggawa a yanke ko bashi ne ko ba bashi ba, kuma zan ba da shawarar a gayyato limamin unguwa ya saurari kowa. Yau da dare zan je in same shi tsohon ciyaman ɗin in gaya masa da bakina, kada ya ji a bakin wasu.

Ɗan Gawon Nama:
Ka tafi da Ɗan Fadama, ko da za a buƙaci ƙarin bayani kan dahuwa.

Malamin Tarihi:
Sakatare, in ka je kada ka kai masa shi a matsayin hukunci. Ka ba shi zaɓin ya janye da kansa ya zagaya gidajen mutane kafin taron. In ya yi haka liman ba zai sha wahala ba.

Goggon Marayu:
Sakatare, abu guda. Taron ga na gaggawa, don Allah kar a sa shi bayan isha'i kamar yadda kunka saba. Ranar da anka yanke maganar albasa ma da dare anka yi, ba mace ko ɗaya wurin, sai da safe anka aiko muna mu kawo kuɗi. Ku sa shi bayan la'asar, ranar Asabar, mu ma mu zo.

Sakataren Ƙungiya:
To Goggo. 'Yan kasuwa za su yi ƙorafin rufe shago, amma zan kai wa ciyaman. In Asabar ba ta yiwu ba sai Juma'a bayan la'asar, a makarantar Islamiyya inda akwai wurin zaman mata.